Gansakukar da Ta Raba Mu da Gidan Baffanku

Kun tashi kuna jin labarin nan daga bakin kowa ban da bakina. Wasu sun gaya muku taurin kaina ne ya sa Baffanku Alhaji Mudi ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, wasu sun ce aljana nake kiwo a falo, matarsa kuwa har ta koma ga Allah tana cewa na zaɓi kifi na yar da zumunci. Na yi shiru shekara da shekaru, ba don ba ni da amsa ba, sai don ina da bakuna da zan ciyar, ba ni da lokacin bin mutane gida-gida ina wanke kaina. Yanzu kun girma, kowa ya kama gabansa, sai ku zauna ku ji yadda aka yi daga wadda aka yi abin a ƙofarta.

Mahaifinku ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a jirgin ruwan dakon kaya a Ikko, shi ya sa duk Tudun Wada ba a san shi da wani suna ba sai Na-Ikko. Da ya gaji da yawo ya dawo Kaduna, ya buɗe shagon yankan gilashin taga, ya aure ni. Jikinsa ne kawai ya dawo, rabin ransa yana can a teku. Da hannunsa ya haɗa akwatin gilashi mai tsawon gadon yaro, ya girke shi a falo, ya sa aka kawo masa buhun gishirin teku da wasu duwatsu masu huji-huji, sannan kifaye a cikin leda, ƙanana masu launi kamar an zana su da fenti. Biyu ruwan lemo ne da ratsin fari, ɗaya shuɗi, ɗaya rawaya. Mutane suka yi ta dariya, wai mutum ya kafa teku a garin da koginsa da damina kalar koko yake. Ni ma na yi dariyar a farko. Amma ni ke riƙe masa roba idan yana canja ruwa, ni ke miƙa masa ma'aunin gishiri, wani ɗan gilashi da ke yawo a saman ruwa ya nuna ko gishiri ya yi yawa, kuma mai riƙe roba dole ta ji karatu ko ba ta so. Ya koya mini cewa ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan inda yake, don haka idan ruwa ya ja baya ba a ƙara gishiri. Ruwan rijiya kuwa ko kusa, domin rijiyar unguwa mai cunkoso irin tamu tana ɗauke da abin da ido ba ya gani. Ruwan batir yake ƙarawa, wanda aka tace babu komai a ciki, yana karɓowa a jarka daga wurin abokinsa na jirgi, Oga Chidi, mai cajin batir a Kakuri. Abinci kuma ɗan abin da yatsa biyu suka tsinta. In na ce kifin nan suna ba ni tausayi, sai ya ce:

"Rakiya, yunwa ba ta kashe kifi a gidan Bahaushe. Tausayinmu nake tsoro."

Ya rasu a tsakiyar damina, a shekarar da soja suka yi alkawarin mayar da mulki hannun farar hula. Ciwon bai yi tsawo ba. Garin ya cika da hayaniyar jam'iyyu, kowane bango an manna masa hoton wani, wanda jiya ba ya iya kallon kurtun soja ido cikin ido yau ya zama mai jawabi a bakin kasuwa. Baffanku, wan mahaifinku, mai sayar da yadi, shi ma ya fito neman kansila a mazaɓarmu. Zan faɗi gaskiyarsa tun yanzu don kada ku ce na rage masa: tun daga ranar jana'iza bai bar mu da yunwa ba. Buhun masara daga gidansa yake zuwa, kuma shi ya tsaya a kan komai na makoki.

Ni kuwa na shige ƙuryar ɗaki na shiga takaba, na ƙi leƙa falo. Ba zan iya kallon akwatin nan babu mai shi a tsaye gabansa ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba. Falon ya koma wurin zaman makoki na mata, a hannun Inna Delu, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, mace mai zuciya kamar auduga da baki kamar reza. Abu na farko da ta yi shi ne ɗage labulaye duka don mata su sha iska, rana ta riƙa dukan gilashin tun hantsi har la'asar. Sannan aka fara sadaka. Kun san yadda ake yi, gumba da waina ranar uku, ranar bakwai, har zuwa arba'in, a raba wa yara da maƙwabta don lada ya kai wa mamaci. Daga ɗaki nake jin muryar Inna tana cewa:

"Bayin Allah, su ma fa marayu ne. Ku gutsura musu, ladan ya iske Na-Ikko a kabarinsa."

Haka duk matar da ta zo gaisuwa sai ta murtsuke ɗan gumba ta jefa, ta yi addu'a, ta share hawaye. Babu wadda ta yi da mugunta. Da ruwan sama ya ɗauke, iska ta bushe, ruwan akwatin ya fara ja baya, sai Inna ta ɗebo na rijiya a bokiti ta cika, ta bi shi da dintsin gishirin miya, tunda an ce mata ruwan gishiri ne. Abin da ya hana su mutuwa gaba ɗaya shi ne ɗan injin da ke hura musu iska a cikin ruwan, wanda bai tsaya ba, domin Oga Chidi bai fasa aiko da batir ba ko da masu wuta sun ɗauke tasu.

Bayan an yi arba'in, gida ya watse, na yi ta maza na shiga falon. Ban ga duwatsu ba, ban ga yashi ba. Gansakuka ce ta rufe komai, kuma ba irin wadda ke kwanciya a jikin randa ba. Wannan doguwa ce, sili-sili, kore shar, tana kaɗawa a cikin ruwa kamar gashin yarinya da aka tsefe ba a kitse ba. Ta naɗe bakin injin har iskar da ƙyar take fita. Shuɗin kifin yana sama, ciki a waje, ya sarƙe a cikinta. Sauran ukun sun maƙale a kusurwa suna buɗe baki da sauri-sauri. Ranar jana'iza na yi kuka irin na mutane, ranar nan kuwa na yi irin nawa, har Inna ta shigo da gudu zani a hannu. Da na gaya mata abin da ya jawo haka, sai ta riƙe haɓa.

"Yanzu sadakar ce ta zama gashi?"

"Ita ce, Inna. Ita da rana da ruwan rijiyarki."

"To wallahi gishirin nan mai kyau na zuba, ba na awo ba."

Dariya ta ƙwace mini a tsakiyar kuka. A wurin na ƙudura a raina cewa ukun nan ba za su mutu a hannuna ba. Mutumin bai bar mini gona ba, bai bar mini mota ba, ya bar mini ku da abin da ya fi so bayan ku, kuma na riga na bar ɗaya ya tafi.

Na naɗe hannun riga na shiga aiki. Tsohon buroshin haƙori nake turawa a cikinta in murza, ta naɗu a jiki kamar zare a mazari, in fizgo in zuba a roba. Roba ta cika, a kai lambatu a juye. Na sauke labulaye, na hana kowa jefa ko ƙwayar gero, na koma ba su abinci yau, gobe in hana. Amma muguwar aba ce. In na tsefe ta yau, kafin sati ya zagayo ta sake tofowa, domin gumbar mata ta riga ta narke ta shige cikin duwatsu tana ciyar da ita. Sai na aika wa Oga Chidi. Ya zo da matarsa, Mama Nkechi, da jarkoki cike da bayan a-kori-kura. Shi ya tsaya a zaure saboda takabata, ita ta riƙa shigo da ruwan, ta leƙa akwatin ta koma ta ba shi labari. Ya ɗaga murya daga can da Hausarsa ta Kakuri:

"Madam, no wahala, wannan abu na san shi. Ki canja ruwa kaɗan-kaɗan, kar ki canja duka, kifi zai mutu. Bayan haka ki rufe shi ruf. Haske ne abincinsa na biyu. In kin rufe, ko gwamna ya zo kar ki buɗe sai sati ya cika."

Na yi yadda ya ce. Na dama gishirin teku da ruwan batir, na gwada da ma'auni, na riƙa zuƙe tsohon ruwa da tiyo ina mayar da sabo, har ruwan ya daina wari. Wata ranar Litinin na ɗauko baƙin bargon mahaifinku na lulluɓe akwatin, inda bai kai ba na cike da baƙin mayafina, na ɗaure da igiya. In zan ba su abinci sai in cusa kaina ƙarƙashin bargon don kada haske ya shiga, in tsinta musu, in ɗan yi musu magana yadda yake yi musu. To a haka wata mata da ta zo gaisuwar da ta makara ta same ni, kaina a cikin baƙin bargo ina ƙus-ƙus. Ko zama ba ta yi ba.

Ku haɗa lissafin da kanku yadda unguwa ta haɗa. Ana zubar da koren gashi a lambatu daga gidan mamaci. Mutumin Kakuri yana sauke jarkokin ruwa a ƙofa. Mai takaba tana magana da wani abu a ƙarƙashin baƙin ƙyalle. Kuma saura kwanaki a yi zaɓen kansiloli. Kafin Laraba labari ya gama Tudun Wada cewa Na-Ikko da 'yar ruwa ya dawo daga teku, ita ce ma ta ɗauke shi, yanzu kuma wansa ya gaje ta, ana yi mata aski ana ba ta ruwa na musamman don ta kawo masa ƙuri'a. Yaran abokin takararsa suka samu abin yi, duk inda motar Baffanku ta bi sai ihu: "Mai 'yar ruwa! Mai 'yar ruwa!" Har wata ta sato jiki ta zo mini da baƙar kaza a ƙarƙashin hijabi, wai in taimaka in saka sunan mijinta a wurin baiwar Allah, shi ma yana neman aiki a ƙaramar hukuma. Na ce ta ajiye kazar in tana so, miya ba ta ƙi ba, amma baiwar Allah ba ta karɓar baƙi.

Ranar Alhamis da hantsi Baffanku ya zo. Tunda wan miji ne, ga kuma takaba, bai shigo ba, ya tsaya a bayan labulen ƙofar falo, ni ina ciki. Muryarsa ta dishe saboda yawon kamfe. Bayan gaisuwa ya ce:

"Rakiya, kin ji abin da ake faɗa. Abin nan zai kayar da ni. Gobe bayan an sauko Juma'a zan zo da liman da dattawan unguwa, har da mutum biyu daga ɓangaren abokin takarata. Ki yaye ƙyallen nan su gani da idonsu kifi ne, magana ta mutu."

"Yaya Alhaji, ba a buɗewa sai Litinin."

"Litinin? Zaɓe fa jibi ne!"

"Na sani. Amma ni ba da zaɓe na yi alkawari ba."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce to in ba zan buɗe ba, akwai hanya ta biyu, yaransa su ɗauko akwatin su juye shi a lambatu a gaban jama'a, kowa ya huta, shi zai saya wa yara wani abin wasan. A nan ne raina ya ɓaci, na manta da kunyar da ke tsakaninmu.

"Abin wasa? Yaya Alhaji, ƙaninka a sahun gaba yake sallah a masallacin unguwar nan tun kafin ka san hanyar ofishin jam'iyya. Limamin da za ka kawo shi ya sallace shi. Yau kuma sai an shigo ɗakin matarsa an ɗaga bargo an leƙa kafin a yarda ba matsafi ba ne? Wanda ya faɗa a gabanka, me ya hana ka rufe masa baki?"

"Siyasa ce, Rakiya, ba ki san ta ba."

"Ban san ta ba. Shi na sani."

Wani zai ce buɗewar rabin yini ba za ta tayar da gansakukar da ta fara mutuwa ba. Mai yiwuwa haka ne, ban gwada ba balle in sani. Amma ku fahimci abin da ake nema a wurina. Ba kifi za a zo gani ba, mahaifinku za a zo bincika, a gidansa, ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, ni kuma in tsaya gefe in riƙe musu labule. In na ɗaga bargon nan na yarda ke nan cewa tambayar tana da wurin zama. Kuma wanda ya shigo ya ga ragowar koren gashi yana lilo a cikin duhu, kuna tsammani zai fita ya ce ƙarya ne?

Baffanku bai ji ba. Ranar Juma'a bayan an sauko sai ga sallama a zaure, muryoyin maza da yawa. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofar falo daga waje, na gicciye ta, na zauna a kai da kayan takabata da carbi a hannu, na miƙe ƙafa. Inna Delu ta leƙo ta katanga, ta ga abin da ake ciki, ta zagayo ta zauna kusa da ni tana haki.

"Ni na shuka gashin nan," in ji ta, "ai sai a tsallake mu tare."

Suka shigo tsakar gida, Baffanku a gaba, liman a bayansa, dattawa, sai samari a can baya suna miƙa wuya. Ban ɗaga kai ba, ban kuma daina jan carbi ba. Duk rashin ta-idon ɗan siyasa, babu namijin da zai ɗaga ƙafa ya tsallake mace mai takaba a ƙofar ɗakinta, gaban limamin unguwa. Baffanku ya kira sunana, ya sake kira, na amsa da sallama kawai. Sai liman ya gyara rawaninsa ya ce a hankali:

"Alhaji, nan ba wurin shigarmu ba ne. Allah ya jiƙan Na-Ikko, ya ba ki haƙuri, Malama."

Ya juya, dattawa suka bi shi. Baffanku ne ya fita a ƙarshe, kuma kallon da ya yi mini kafin ya juya har yau ina ganinsa. Ba fushi kaɗai ba ne, har da mamaki, irin na wanda bai taɓa zaton za a ce masa a'a a gidan da yake kai wa masara ba. Kafin magariba labari ya canja salo, wai liman da kansa ya kasa shiga. Washegari aka yi zaɓe, Baffanku ya faɗi. Ko 'yar ruwa ce ta kayar da shi, ko kuwa abokin takararsa ne ya fi shi jama'a, Allah ne masani. Shi dai ya riga ya yanke wa kansa amsa.

Ranar Litinin da safe na kwance igiya na yaye bargon. Gansakukar ta koɗe ta yi fari-fari, ta saki duwatsu, ina taɓa ta da tiyo tana biyowa kamar tsohuwar auduga. Na zuƙe ta tas, na ƙara sabon ruwa. Can sai ga rawayan ya leƙo daga ramin dutse, sai masu ratsin nan biyu suka fito tare suna rawar nan tasu ta kullum. Duk ukun suna nan. Na yi hamdala, na roƙi Inna Delu ta je gidan Baffanku ta ce masa sati ya cika, ƙofa a buɗe take, ya zo shi kaɗai a matsayin ɗan'uwa ya ga kifin ƙaninsa. Ta dawo tana jan ƙafa, ta daɗe tana gyara ɗaurin ɗankwali kafin ta yi magana.

"Ya ce in gaya miki ba shi da sauran kowa a gidan nan."

Kuma ya cika maganarsa. Masara ta tsaya. Na fara suyar ƙosai a ƙofar gida da na fita takaba, daga baya na karɓi shagon gilashin na sa mai yanka. Sallah ta zo, yaran unguwa suna tafiya gidajen baffanninsu da sababbin kaya, ku kuna zaune a falo kuna kallon kifi. Na ga fuskokinku, kada ku ɗauka ban gani ba. Ya yi mini ciwo fiye da yadda na taɓa nuna muku.

Wanda ya fi ciwo shi ne na aurenki, Zainab. Baffanki ne waliyyinki, haƙƙinsa ne kuma haƙƙinki ne, don haka na ajiye zuciya na tura dattawa har gida su roƙe shi ya zo ya ba da aurenki. Shekaru sun wuce, na ɗauka ya huce. Ya ce su koma su gaya mini kifin ya ba da aurenki. Limamin nan dai, ya tsufa har ana riƙe shi, shi ya tsaya miki. Kina cikin lalle kika kama hannuna kina kuka, kika ce:

"Umma, da kin ɗaga bargon nan, me zai ci ki?"

Ban ba ki amsa ba a ranar, don gida cike yake da mutane. Kin rasa baffa a ranar da kika fi bukatarsa, kuma zaman da na yi a ƙofar nan ne sila, ban taɓa musun haka ba. Amma ba a shiga ɗakin ubanki an bincike shi ba, Zainab, ba a kuma juye abin da ya bari a lambatu ba. Da za a mayar da ni ranar Juma'ar nan yau, da wannan gwiwar tawa da ba ta lanƙwasuwa, sai dai ku kama ni ku zaunar da ni a kan tabarmar. Amma zan zauna.